Jinin Ciwo Ne, In Ji Malam

Direba ne ya kai uwarsa bakin kabari, shi da matarsa, kuma ba da wuƙa ko guba ba. Da rabin magana ya yi aikin. Duk wanda ya ce muku ƙaddara ce, ku dube shi da kyau: ko dai bai san gidan ba, ko kuma a gidan yake cin abinci.

Umma ake ce mata, har 'yan unguwa. Shekara bakwai ke nan da al'ada ta ɗauke mata, ta ma manta da lissafin wata. Tana zaune wurin ɗanta, direban tasi, a hawa na biyu na wani gidan haya, ɗaki biyu da falo. Famfon gidan ba ya iya tura ruwa sama, sai an sauka tsakar gida an tara. Matakala ashirin da biyu ce, kuma Umma ce ta san adadinta, don ita take hawa da bokiti a hannu da jika a baya. Matar ɗan tana tsaron wani kantin magani a bakin titi. Ba ta taɓa leƙa ajin koyon jinya ba, amma da yake tana sa farar riga tana miƙa ƙwaya, sai unguwa ta laƙaba mata Nas, ita kuwa ta amsa har da gyara tsayuwa.

Wata safiya Umma ta shiga bayi ta ga jini a fatarinta. Ba shi da yawa, kamar an ɗiga da yatsa. Ta wanke, ta shanya a bayan ƙofa, ta rufa tawul a kai. Kwana biyu ya ɗauke, ran na biyar ya dawo. Sai ta ajiye sallah kamar yadda take yi da kuruciya. In an kira sallah ta shiga ɗaki ta tura ƙofa ta zauna bakin gado, don kada jikoki su lura. Da aka wuce sati biyu abin bai tsaya ba, hankalinta ya tashi. Ba jikinta ta ji wa tsoro ba, sallarta take tunani.

Ta sami Nas a kicin tana danna waya.

"'Yar nan, wata magana zan yi da ke, amma ta tsaya tsakaninmu."

"Ina ji, Umma."

"Jini nake gani."

"A ina? Haƙori?"

"A'a. Irin na mata."

Nas ta ajiye wayar, ta dube ta daga sama har ƙasa, sai dariya ta ƙwace mata.

"Kai, Umma. Ashe kuruciya ce ta dawo. To sai mu fara kwalliya, a nemo wa yaran nan sabon kaka."

"Ba abin dariya ba ne. Yau kwana goma sha takwas ban kai goshina ƙasa ba."

"Ragowa ce. Tsohon jini ne da ya maƙale yake fita. Kullum sai an zo mana da irinsa a kanti. Zan taho miki da ƙwaya."

Ba sai an yi boko ba ake sanin wannan ƙarya ce. Rijiyar da ta ƙafe shekara bakwai, in ta kawo ruwa rana tsaka babu damina, leƙa ta ake yi kafin a jefa guga. Amma Umma ba ta musa ba. Cewa kawai ta yi, "Ki gaya wa maigidan ya tambayo min malam a kan sallar. Ni ba zan iya buɗe baki da shi a kan wannan ba."

Bayan kwana biyu Direba ya tsaya a ƙofar ɗakinta, yana kaɗa mukullin mota, idonsa yana kan bango.

"Umma, na tambayi malam. Ya ce wannan ba al'ada ba ce, jinin ciwo ne. Ki yi tsarki ki ci gaba da sallarki, ba ya hana komai."

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

"Iyakarsa."

"Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka."

Ranar har da murna ta shimfiɗa sallaya. Jinin ciwo. Kalma biyu ce, ta biyun kuma ko yaro ya san ma'anarta, amma a gidan nan sai suka riƙe ta kamar sunan da aka raɗa wa abin, ba labarin abin da yake faruwa ba. Aka sami bakin magana. In Umma ta dafa ƙugu ta ce yau jikin ba daɗi, sai Nas ta ce, "Ai malam ya faɗa, jinin ciwo ne. Abin da bai hana sallah ba zai hana ɗibar ruwa?"

Wata na biyu ta sha ƙwayar Nas. Jinin ya tsaya kwana huɗu, ya dawo da gudaji. Nas ta kawo audugar mata sau biyu, a na uku ta ce kanti ba na ubanta ba ne. Umma ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta yi ƙunzugu. Tana wanke su a bakin famfo, a ɓoye a ƙarƙashin kayan jikoki. Ran da ta shanya su a baranda, Nas ta tsince su da bakin tsintsiya ta watso mata ɗaki.

"Haba Umma, so kike maƙwabta su ɗauka nawa ne? Ki shanya a ciki."

Aka koma shanya a ɗaki mai taga ɗaya. Tsummokaran ba sa bushewa, da danshinsu take mayar da su.

Wata na uku mara ta fara murɗa mata, baya ya riƙe. Matakalar da take hawa da numfashi ɗaya, sai ta zauna a tsakiya ta ajiye bokiti ta jira duhun idonta ya washe. Tafin hannunta ya yi fari kamar na mai wankin kwana uku. Wata safiya, Nas tana ɗaura agogo za ta fita, Umma ta daure ta ce:

"Ko dai a kai ni a duba ni?"

"Umma, asibiti fa ba shiga ka fito ba ne. Sai an yi sammako an kama layi, a wuni a can. Wa zai riƙe yaran? Ni in na yi fashin kwana ɗaya wata za a ɗauka a madadina. Kuma me za su ba ki wanda ban ba ki ba? Ga shi duk maza ne likitocin, su kwantar da ke su buɗe ki, da girmanki da furfurarki. Ni dai ba zan so a yi wa uwata haka ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta rufe bakin Umma, kuma Nas ta san ita za ta rufe shi, shi ya sa ta bar ta a ƙarshe. Ta ƙara da cewa a bari a yi hutun makaranta. Hutu ya zo, mota tana gareji. Aka ce a bari mota ta fito. Mota ta fito da sababbin rigunan kujera masu ruwan madara, aka daina zancen.

Wata na huɗu abin ya canza kama. Ya zama ruwa-ruwa, ga wari. Ran da ya ɓata kujerar falo, Nas ba ta yi faɗa ba. Kujerar roba ta ɗauko, ta shimfiɗa leda a kai, ta ajiye kusa da ƙofa, ta tara yaran ta ce wannan ta Kaka ce, kada wanda ya hau. In Umma ta gifta, sai a bi bayanta da feshin turare, tana ji. Aka hana ta zuba abinci, amma ba a hana ta wanke kwanuka ba. In ƙawayen Nas sun zo, sai ta ce da murya mai daɗi, "Umma, ki ɗan shiga ciki ki huta mana." Hutun da ake ba ta ke nan a gidan.

Tana da yaya mace a wani gari, tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaifin harshe. Duk Juma'a take kira.

"Ke, me ya sami muryarki? Kamar daga cikin tulu."

"Mura ce, Yaya."

"Tun kina yarinya in za ki yi ƙarya mura kike cewa. Yaron nan yana kula da ke kuwa?"

"Yana yi. Ba ni da abin cewa sai godiya."

Ta san in Yaya ta ji, sai ta zo ta yi wa ɗanta wankin babban bargo a gaban jama'a. Ta gwammace ta haɗiye.

A wata na biyar ne, tana tara ruwa a bakin famfo, ƙofar gida a buɗe, malamin da yake jan sallah a ƙaramin masallacin ƙarshen layi ya zo wucewa da lemarsa. Tsoho ne, ya girme ta. Ya tsaya daga waje.

"Sannu da aiki, uwar Direba. Ya ƙarfin jiki? Me likita ya ce?"

Umma ta gyara mayafi. "Likita, Malam?"

"Ai yaron nan ya zo min da tambaya watannin baya, ya ce wata dattijuwa a gidansu. Na san gidan, na san dattijuwar ɗaya ce, ki gafarce ni. Na ce masa jinin ciwo ne, ta yi sallarta. Na kuma ce masa tunda sunansa ciwo, ni ba likita ba ne, kada ya kwana biyu bai kai ta asibiti ba. Har sau biyu na maimaita masa, don ita ma ƙanwata haka ya fara mata, Allah ya jiƙanta. An dai je ko?"

Bokiti ya cika, ruwa yana zuba a ƙafarta. Ta dube shi, ta dubi ƙasa.

"An je, Malam. Sun ba da magani."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Haka ta rufa wa ɗanta asiri, da jini yana bin cinyarta. Ta ɗauki bokitin ta hau, sai da ta zauna sau uku kafin ta kai.

Da azahar Direba ya dawo cin abinci. Ta zauna a kujerarta mai leda ta bari ya yi loma biyu.

"Na ga malam yau."

Hannunsa ya tsaya a kwano.

"Ya ce ya gaya maka a kai ni asibiti."

"Umma, me kika aike ni in tambayo? Ba maganar sallah ba ce? Amsar sallah na kawo miki. Sauran shawara ce, ba hukunci ba. Shi da bakinsa ya ce shi ba likita ba ne. Ga wadda ta san magani a cikin gida ta ce ba komai."

"To yanzu fa? Jikin nan ya daina zama nawa."

"Za a je. Satin nan ina da 'yan ofis da safe, 'yan makaranta da rana. Kuma Umma, ni ta yaya zan tsaya gaban likita ina bayanin irin wannan a kanki? Ki tausaya min mana. Maganar mata ce, ku ƙarasa ta tsakaninku."

Daga kicin Nas ta jefo tata. "In ma za a je, a tari wata motar. Kujerun nan sababbi ne, fasinja ba ya hawa mota mai ƙarni."

Umma ta jira ya ce wa matarsa ta yi shiru. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwa. Ruwan da ta hawo da shi ne.

Wannan mutumin sau nawa yake gifta ƙofar asibiti a yini? Iyayen wasu yake saukewa a can, ya zagayo ya buɗe musu ƙofa, ya ce sannu Mama, Allah ya ba da lafiya. Kunya, in ji shi. Bai ji kunyar ta hawo masa da ruwan wanka ba.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, tana tsakiyar matakala da goyo a baya, ta ji abu ya ɓalle mata kamar an buɗe famfo. Idonta ya rufe. Abin da ta iya shi ne ta durƙusa ta faɗi ta gaba, don kada kan yarinyar ya bugu. Bokiti ya gangara yana ƙara, ruwa da jini suka bi shi har ƙasa. Ƙarar ce ta fito da wata mai ɗinki da take haya a ƙasa. Ta kwance goyon, ta laluba wayar Umma ta kira ɗan.

"Ina da fasinja," in ji shi. "Ku kira matata."

Ta kira Nas.

"Ku jiƙa mata sukari ta sha ta kwanta. Ta saba. Ƙarfe biyu nake tashi."

Mai ɗinki ta duba lambar da ta kira Umma ran Juma'a, ta danna. Yaya ba ta bari ta gama bayani ba. "Ki sa ta a duk abin da yake da taya, 'yata. Ga ni nan tafe ko da rarrafe." Mai ɗinki ta fita titi tana tare motoci, motar rabon burodi ce ta tsaya. Mai motar bai san su ba, bai tambayi komai ba, ya ture akwatuna gefe ya kama ƙafafunta.

Leda uku ta jini aka ƙara mata kafin ta gane inda take. Da ta buɗe ido, Yaya tana zaune a gefen gado da sanda tsakanin gwiwoyi, wata mace mai farar riga da gilashi kuma tana duba takarda.

"Wace ce wannan?" Umma ta raɗa.

"Likita," in ji Yaya.

"Ashe akwai mata?"

"Wa ya ce miki babu?"

Umma ta kawar da kai. Yaya ta dube ta, ta ajiye tambayar a ranta.

Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama daga mahaifa aka kai gwaji. Ran da sakamako ya fito, likita ta ce a tara mata 'yan gida. Direba ya zo da ledar lemo, Nas ta zo da farar rigarta. Aka ja labule.

"Tun yaushe take zubar da jinin nan?"

"Bai fi sati biyu ba," in ji Nas.

Likita ta ɗago ta dube ta ta saman gilashi. "Sati biyu ba ya yin abin da na gani. Mama, ke nake tambaya."

Umma ta dubi ɗanta. Yana karanta rubutun da yake jikin ledar lemo.

"Wata shida," ta ce. "Ya kusa."

Likita ta rufe takardar. Ta ce ciwon daji ne a mahaifa, kuma ya riga ya fita ya kama wasu wurare. Ta ce da a watan farko aka zo, irin wannan sau da yawa cire mahaifar ake yi, mace ta koma gida ta ga auren jikokinta. Yanzu abin da ya rage a hannunsu shi ne su tsayar da jinin, su rage mata zafi, su ja kwanaki gwargwadon iko.

"Macen da al'ada ta ɗauke mata shekara guda, in ta ga jini ko ɗigo ɗaya ne, ba a kwana da shi a gida. Ko yarinya ce ma, in tana ganinsa ba lokacinsa ba, ko bayan kwanciya da miji, ko tana da ciki, ko yana zuba har tana jiri, nan ake kawo ta." Ta juya wajen Nas. "An ce magani kike sayarwa. Ba ki san wannan ba?"

Nas ta gyara wuyan rigarta. Direba ya ja numfashi ya ce, "To, haka Allah ya ƙaddara."

Yaya ba ta ɗaga murya ba. "Kai, ɗan nan. Cire sunan Allah daga bakinka, ba a kansa ake tambayarka ba. Ɗauki lemonka ka fita."

Da suka fita, ta ja kujera ta matso. "Yanzu ki gaya min, tun daga farko. In kika ce min mura sai na mare ki a kan gadon nan." Umma ta faɗa mata duka, har ledar kujera, har malam a bakin ƙofa. Tana faɗa tana cewa yaro ne, aiki ya yi masa yawa. Yaya ta ce yaron da ya haifi uku.

Cikin kwana uku da kwantar da ita, gidan ya sami mai hawo da ruwa. Aka sami inda ake kai yaran raino da safe a ɗauko su da yamma. Nas ta sami hutun kwana biyu a kanti ba a kore ta ba, ta wanke ɗakin Umma da maganin kashe ƙwari ta buɗe taga. Duk abin da aka ce ba zai yiwu ba wata shida, ya yiwu kafin sati ya zagayo.

Wannan bai ishe su ba. 'Yan dubiya suka fara zuwa, dangi da maƙwabta da direbobi abokan aikinsa. Direba yana tarbarsu a baranda, dab da tagar da gadon Umma yake, yana share ido da hankici.

"Wallahi Umma ce da zurfin ciki. Ba ta taɓa faɗa mana ba. Da mun sani da tuni mun kawo ta. Kun san tsofaffi da ɓoye ciwo."

Nas tana taya shi. "Ni da nake cikin harkar magani, a ce abu yana gidana ban sani ba? Ɓoyewa ta yi."

Mutane suna girgiza kai, suna ba shi haƙuri, suna shigowa su ce, "Haba Umma, ai ba a ɓoye ciwo." Ita kuwa tana kwance tana ji ta taga, kalma bayan kalma. Ta juya fuskarta bango. Jini da wari da leda duk ta shanye su, amma wannan ya ƙi wuce maƙogwaronta.

Washegari Yaya ta ja benci ta zauna a ƙofar ɗakin, ta gitta sandarta. Da ta hango shi tafe, ta leƙa ciki.

"Ga ɗanki nan. In bar shi ya shigo?"

Umma ta juyo da fuskarta daga bango. Muryarta ta yi siriri kamar zare.

"Ki tambaye shi tukuna, Yaya. Ni ce na ɓoye?"

Har yau bai amsa ba. Yana zuwa, ya tsaya nesa da bencin, ya duba agogo, ya ce yana da fasinja. Umma tana nan a gado na huɗu daga ƙofa, ta rame har zoben hannunta ya zame, amma kunnenta yana ji sarai. Kwanakinta ba su da yawa, likita ba ta ɓoye ba.

To, Direba, lafiyarta ba za ka iya mayar mata ba, wannan ya wuce ka. Amma ƙaryar da ka ɗora mata tana hannunka. Ka tara mutanen da ka gaya wa, ɗaya bayan ɗaya, ka zo da matarka, ku tsaya a gefen gadon nan. An yi maka tambaya. Ka buɗe baki ka amsa ta, tun uwarka tana ji.